Kabtin Haruna a Jikin Katanga

Zuwa ga ɗana Anas,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba. Na ce wa Ummanka ta cusa ta ƙarƙashin kwalin dabino, saboda haka na san ba za ka gan ta ba sai ka isa Najeriya ka fara rabon tsaraba.

Da gangan na rubuta da Hausa. Da Larabci ne, da ka zazzage ta a tsaye ka ce min "ɗayyib, ya buya," wato "to, Baba," ka ninke ka manta. Hausa kuwa dole ka zauna ka bi ta da yatsa, kuma haka nake so. Can inda za ka ma ba wanda zai amsa maka da Larabci, gara ka fara da ta ubanka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya-jiya ka bar shi. Maganar aikinka ce. Jami'a ta ɗauke ka ka horar da 'yan gaban ƙungiyarta ta ƙwallo, kuma wallahi na yi murna, har na gunduri mutane da zancen a masallacin unguwa. Amma ranar da ka kunna mana saƙonnin muryar magoya bayan ƙungiyar a falo, kana dariya, ƙannenka suna dariya, ka ga na tashi na fita. Ka zaci waya aka yi min. Ba waya ba ce. Ana ta ihun an rabu da Koci Ɗanladi, wanda za ka gaji kujerarsa, ana cewa ga sabon jini nan tafe daga Saudiyya. Sai wani a cikinsu, mai kaurin murya, ya kira mutumin da wani sunan tsokana, sauran suka kwashe da dariya. Anas, muryata na ji. Har yadda ya ja numfashi kafin ya saki sunan, haka nake yi. Shi ya sa na fita.

Ka san filin ƙasar nan na unguwar Awali a nan Madina, wanda ke jingine da katangar gonar dabino, inda ɗalibanmu 'yan Najeriya suke atisaye ranar Alhamis bayan la'asar. Ka taimaka musu a can kafin tafiyarka. Abin da ba ka sani ba shi ne wanda ya samo musu filin. Lokacin kana sakandare, ba ka ko leƙa mu, kana can Bani Harisa kuna buga taku da abokanka a kan ciyawar roba.

Sunansa Haruna, Bahaushen Sudan ne, dogo sosai, direban mai gonar. Ya buga ƙwallo a ƙuruciyarsa, shi ya sa kowa ke ce masa Kabtin, yadda ake kiran masu horarwa a nan. Shi ya roƙi maigidansa ya bar wa yaran filin, sai babban kocin, wanda ɗalibi ne, ya ba shi 'yan gaba ya koya musu. Mu kuma tsofaffin ɗalibai da muka gama karatu muka zauna a garin nan, mukan shimfiɗa darduma a gefe, da filas ɗin shayi, mu yi ta yanke hukunci. Yara suna ce mana 'yan darduma. Ni ne babban bakinsu. Ban taɓa buga ƙwallo ta minti goma ba tare da na riƙe ƙugu ba, amma daga kan dardumar nan ba abin da ban iya ba.

Kabtin Haruna mutum ne mai haƙuri har ya ba ka haushi. A wajensa ɗan gaba ba ya harbi daga nesa. In hanya ta toshe, a mayar da ƙwallo baya a sake shiri. Yana da wata alama da yake yi: ya miƙa hannun dama, tafin yana kallon ƙasa, ya riƙa danna iska a hankali, yana cewa, "Shwayya-shwayya, ya shabab, a hankali, samari. Raga ba ta gudu." Mu kuwa jininmu na tafasa. Gasar ɗaliban ƙasashe ta zo, muka yi ta canjaras babu ci. Wata rana yaronmu ya fuskanci gola, shi da shi, ya waiwaya ya mayar da ƙwallo baya. Na miƙe tsaye a kan darduma na ce, "Kai, wannan ai ba Kabtin ba ne, Kabtin Baya-baya ne!" Fili ya ɗauka. Kafin sati ya zagayo, har yaran da yake koya wa suna faɗa a bayan idonsa.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma a lokacin daɗinsa na ji. Ba abin da ke shiga kai irin ka faɗi magana mutane su maimaita. To ka sani, za su sa maka suna kai ma. Yau kai ne sabon jini. Wasa biyu ba ci, za ka zama ɗan Larabawa wanda bai san ƙasa ba. In sunan ya zo, kada ka bi shi da faɗa, kada kuma ka ɗauka mai faɗarsa ya tsane ka. Ni ban tsani Kabtin Haruna ba. Dariya kawai nake nema. Amma kai kada ka taɓa sa wa wani, ko ɗan wasanka ne, ko alƙalin wasa. Ba ka san inda zai raka mutum ba.

Kuskure na biyu ya fi muni, don ba ihu a cikinsa. Muka matsa wa babban koci lamba ya canza mai horar da 'yan gaba. Yaro ne, mu kuma malamansa ne a wasu wurare, ba ya iya musa mana. Aka samo wani ɗalibi mai zafin nama. Sai aka zo kan wa zai gaya wa Kabtin. Kowa ya sunkuyar da kai. Babba ne, kuma filinsa muke ciki. Ni na kawo dabara, irin tamu ta mutanen da ke jin kunyar faɗa a gaban ido amma ba sa jin kunyar aikatawa. Na ce a bar tsohon zaurenmu na waya, inda ake tura sanarwar atisaye, yadda yake, a buɗe sabo ba shi a ciki. Zai gane da kansa.

Ya kuwa gane. Ranar Alhamis ya zo da usur ɗinsa a wuya, ya tarar wani na busa nasa. Ya ɗan tsaya. Ya zo ya yi mana sallama a kan darduma, ɗaya bayan ɗaya, har da ni. Abokina Malam Bashir, wanda shi kaɗai bai goyi bayanmu ba, ya matsa masa wuri ya ce, "Kabtin, bismillah, ga shayi."

Ya ce, "A'a, ya ustaz, na gode. Zan tsaya can, na fi ganin wasa."

Ya tafi can ƙarshen fili, jikin katanga, kusa da inda ruwan gonar ke fitowa ta bututu, ya cire usur ya sa a aljihu, ya goya hannu a baya. Daga ranar nan wurinsa ke nan. Kowace Alhamis yana can, farar jallabiya, dogo, ganyen dabino na lilo a kansa. Bai hana mu fili ba, alhali kalma ɗaya zai gaya wa maigidansa a kore mu. Bai sake sa baki a wasa ba. Sai dai in yara sun rikice, ka hango hannunsa ya fito yana danna iska, ba mai kallonsa.

Yanzu ga abin da zai ba ka mamaki: mun yi daidai a kan ƙwallo. Sabon kocin ya saki yara, suka fara zura ƙwallaye. Kada ka jira in ce maka daga baya muka gane Kabtin ne gwani. Ba gwani ba ne, tsarinsa ya tsufa. Wataƙila shi ma Koci Ɗanladi haka ne, wataƙila ka fi shi nesa ba kusa ba. Wannan bai shafi maganata ba. Ana iya sauke mutum daga aiki da gaskiya, a kuma zalunce shi wajen saukewar. In wata rana aka ce ka ajiye wani ɗan wasa ko wani mataimaki, ka kira shi gefe ka gaya masa da bakinka, kana kallon idonsa. Zai ji zafi, kai ma za ka ji. Ku ji shi tare a gama.

Kuskure na uku shi ne dalilin takardar nan, kuma ban taɓa ba ka labarinsa ba.

Wata Alhamis ce ta zafi, muna da wasan kusa da na ƙarshe. Na yi la'asar a Harami. Kai haifaffen garin nan ne, ka san yadda ake yi: liman na sallamewa sai ladan ya ce a yi sallah ga mamata, Allah ya yi muku rahama. Ba a faɗin suna. Dubban mutane su miƙe su sallaci wanda ba su sani ba, sannan a fito da makara da sauri a nufi maƙabartar Baƙi'a, duk wanda ke kusa ya sa kafaɗa ya ɗan taka, wani ya karɓe shi. Na yi haka sau ba adadi, don neman lada. Ranar ma ina fitowa sai ga wata makara ta biyo ta gefena, an lulluɓe ta da alkyabba ruwan ƙasa. Na kutsa na sa kafaɗa ta wajen ƙafafu. Abin da na lura da shi kawai, mamacin dogo ne, ƙafafunsa sun kai ƙarshen makarar har suna taɓa min kunne ta cikin mayafi. Masu rakiyar 'yan Sudan ne, amma 'yan Sudan nawa ne a Madina? Wani dattijo a cikinsu ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ya ce, "Jazakallahu hairan, ya ustaz." Na amsa, na zame kafaɗata kafin a kai ƙofa, don ina sauri kada a fara wasa ba ni.

Na isa Awali an riga an fara. Na zauna a darduma, aka zuba min shayi. Ana dab da tashi, yaronmu ya samu ƙwallo daga nesa, wurin da Kabtin ba zai taɓa yarda a harba ba, ya ɗirka ta. Ta shige. Muka tashi muna ihu, shayi ya zube. Ni kuma, don halina, na juya wajen katanga.

Yana nan a wurinsa. Farar jallabiya, hannu a baya. Rana ta yi ƙasa, hasken ya yi ja, kuma na gan shi sarai yadda nake ganin hannuna yanzu. Na kafa hannu a baki na ƙwala, "Baya-baya! Ka gani? Haka ake yi!"

Ya juyo ya dube ni. Tunda ya koma jikin katanga bai taɓa duban darduma ba, sai ranar. Ba fushi a fuskarsa. Ya fito da hannunsa, tafi na kallon ƙasa, ya danna iska sau biyu a hankali. Ni ya yi wa, ba yara ba.

Wanda ke kusa da ni ya ja min riga ya ce, "Malam, da wa kake?"

Na ce, "Da Kabtin mana."

Ya leƙa ya ce, "Ai yau bai zo ba."

Na sake juyawa. Katanga ce kawai, da ruwan bututu yana zuba. Na yi dariya na ce ya shige gona don kunya. Amma ƙofar gonar tana can ɗaya gefen, kuma katangar ta fi tsayin mutum. Na san haka tun a lokacin, na dai ƙi tsayawa in yi tunani.

Malam Bashir bai zo wasan ba. Washegari bayan Juma'a ya tare ni a farfajiyar Harami, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka ji Kabtin Haruna ya rasu?"

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau?"

Ya ce, "Jiya da hantsi, zuciya ce. 'Yan'uwansa sun sa sanarwa a zauren ƙwallo, daga wayarsa. Tsohon zauren. Ba mai buɗe shi, ni ma sai da safen nan na gani. Bayan la'asar aka sallace shi."

Na zauna a kan marmara. Na ce a raina mamata da yawa aka sallata jiya, ba lalle shi ne na ɗauka ba. Da wannan na riƙe kaina har muka je gaisuwa gidansu a Awali. Muna shiga sai ga dattijon nan da ya dube ni a wajen makara. Yayan Kabtin ne. Ya taso ya rungume ni yana kuka, ya juya ga mutanen da ke zaune ya ce, "Wannan shi ne. Duk cikin mutanen kora, shi kaɗai ya zo. Ya ɗauki ɗan'uwana a kafaɗarsa." Kora ita ce ƙwallo a bakinsu. Ya ce Haruna yakan nuna masa hotunan fili, ya nuna ni ya ce wannan ustaz ɗin ya fi kowa son ƙungiyar. Mutane suka yi ta sa min albarka. Aka zaunar da ni a wuri mai kyau, aka miƙo min gahawa.

Na karɓa na sha, Anas. Ban ce musu komai ba. Har yau in muka haɗu da dattijon sai ya riƙe hannuna da hannu biyu.

Na yi karatun aƙida a garin nan, na san mamaci ba ya dawowa kallon ƙwallo. Na gaya wa kaina zafi ne, ko ido ne ya saba ganinsa a wurin ya zana min shi, ko wani abin halitta ne da Allah ya bari ya yi wasa da ni. Duk na yarda. Amma ko mene ne, ni na san abin da na yi: na ɗauki mutum zuwa kabarinsa, ban ko kai shi ƙofa ba, na je na yi masa ihun tsokana tun ƙasarsa ba ta bushe ba.

Na so in je in tsaya a kan kabarinsa in yi masa addu'a, in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun yana jin magana. Ka san Baƙi'a. Ba suna, ba rubutu, tudun ƙasa ne da dutse, jere bayan jere, tantabaru na yawo a kai. Yayansa ya nuna min wajen da hannu, ya ce ta can ne, kusa da hanya. Da na koma, an cika wajen da sababbi. Nakan shiga in an buɗe ƙofa, in yi sallama ga kowa, in tsaya inda ƙafata ta tsaya. Ban san ko a kansa nake ba ko a kan wani baƙo daga wata ƙasa. Tun daga lokacin kuma, duk sanda ladan ya ce a yi sallah ga mamata, sai na ji nauyi a kafaɗar dama, da wani abu yana taɓa min kunne.

Na daina zuwa Awali. Ka sha tambayata dalili, nakan ce gwiwa. Sai makon jiya, da Ummanka ta matsa in je in ga atisayenka na ƙarshe da yaran. Na je, na ƙi zama a darduma, na tsaya jikin mota. Na daɗe ban yarda na dubi katangar ba. Da na duba, ba kowa, na ce alhamdulillahi. Sai yaranka suka rikice a gaban raga, kowa na son ya harba. Na ga ka miƙa hannun dama, tafi na kallon ƙasa, kana danna iska a hankali.

Ka tuna a mota na tambaye ka wa ya koya maka wannan? Ka ɗaga kafaɗa ka ce, "Ma adri, ya buya, ban sani ba. In na tsaya a filin nan haka hannuna ke yi." Ka ci gaba da latsa waya. Ni kuwa sai da na gangara gefen titi na tsaya, na ce maka inji ne ya yi zafi. Ba ka taɓa ganin mutumin ba. Ban taɓa yin alamar a gabanka ba, ba zan iya ba. Wataƙila a wajen yaran ka gani, wataƙila duk masu horarwa suna yi. Ina ta gaya wa kaina haka. Amma tsoro nake ji, kuma ba na jin kunyar gaya maka. Ina tsoron abin da na yi wa ɗan wani ya zo ya same ka a can, ka tsaya jikin wata katanga kana yi wa yara alama ba mai kallonka.

Saboda haka ga roƙona, guda ɗaya ne, kuma ba shawara ba ce, umarnin uba ne. Kafin ka sa usur a bakinka, kafin ka taka filin jami'ar, ka nemi gidan Koci Ɗanladi. Ka ɗebi dabinon nan mai kyau, ba na rabon jama'a ba, ka je da ƙafarka. Ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ake gaida babba, da Hausarka mai karkacewa, ba komai, zai gane. Ka ce masa kai ne aka ba wurinsa, ba ka so ya ji a bakin 'yan waya. Ka tambaye shi yaran, wane ne mai ciwon gwiwa, wane ne maraya. In ya zo kallon wasa ya tsaya daga nesa, ka bar abin da kake yi ka je ka kamo hannunsa ka zaunar da shi a benci. Magoya baya za su yi surutu. Bar su, na san su, ni ne su.

Na san za ka ce, "Halas, bar zancen, ya buya, mutumin ma ƙila ba ya son ganina." Ƙila. Ƙila ya bar ka a tsaye a ƙofa. Ka tsaya. Shi yana da ƙofa, yana da suna, in ka yi sallama akwai mai amsawa. Ni nawa mutumin na neme shi cikin duwatsu na rasa.

Allah ya tsare min kai, ya tsare harshenka daga mutane, ya tsare ka daga harshensu. Ya ba yaranka nasara, ya sa ka sauka daga aikin nan da mutuncinka duk ranar da za ka sauka. Ummanka na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. In ka yi sallah ka sa Haruna a addu'a, ba sai ka san shi ba. A garinmu haka ake yi.

Ranar da ka gaida Koci Ɗanladi ka kira ni, kada ka turo saƙo. Ina so in ji da kunnena. Daga nan zan tafi Awali, wajen yayan Kabtin, in gaya masa ko wane ne ya ɗauki ɗan'uwansa.

Wassalamu alaikum.

Babanka,
daga Bani Harisa, Madina.